TAMBAYA DA AMSA: Yini ɗaya a Sawira, bas ta haɗaka ko mota ta kanka?

Jama'a assalamu alaikum. Wannan karon wasiƙun da suka taru kusan duk hanya ɗaya suka nufa, wato Maroko, kamar an haɗa baki. Ban yi mamaki ba, lokacin hutun makaranta ne, 'ya'yanmu da ke karatu can suna gamawa iyaye na shirin zuwa, ga masu zuwa asibiti ga 'yan kasuwa. Na zaɓi biyar, sauran ku yi haƙuri sai wani jiƙon.

TAMBAYA, daga wani Alhaji ɗan kasuwa, unguwar Hausare, Garwa:

Malam barka da aiki. Wata mai kamawa in Allah ya yarda zan je Marakesh wajen yarona da ya gama karatu, ni da uwargida da ƙannensa mata biyu, da shi mu biyar kenan. Ya ce akwai wani gari bakin teku wai shi Sawira da ake zuwa a yini a dawo, har da tuddan rairayi. Ya turo min farashi biyu, bas ta haɗaka da baƙi dirhami 250 kowane mutum, ko kuma mota tamu mu kaɗai da shofer da ɗan jagora dirhami 1,500. Uwargida ba ta taɓa ganin teku ba ta matsa sai an je, ni kuma ba na son ɓarnar kuɗi. Wanne ya fi?

AMSA:

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara girma, Allah ya sa wa karatun yaro albarka. Bari mu fara da lissafi tunda ɗan kasuwa nake wa magana. Dirhami ɗaya yana kai wa wajen sefa 60, yana ɗan hawa yana ɗan sauka. 250 sau biyar 1,250 kenan, motar ku kaɗai 1,500, tsakaninsu dirhami 250, wato kamar sefa dubu goma sha biyar. To Alhaji mutumin da ya biya jirgi na mutum huɗu daga Kamaru zuwa Maroko, a kan jaka goma sha biyar zai tsaya? Da ku biyu ne da sai in ce a zauna a yi tunani, amma ku biyar ai maganar ta yanke kanta, ɗauki motar.

Amma ka san abin da kake saye. Ba kujera mai laushi kake saye ba, basocin ma akwai kilim, wato na'urar sanyaya iska, a ciki. Lokacinka kake saye. Daga Marakesh zuwa Sawira (a takarda za ka ga an rubuta Essaouira, mutanen garin Swira suke cewa) tafiyar kilomita wajen 180 ce, awa uku ko ƙasa kaɗan, hanya mai kyau ta bi ta Shishawa ta miƙe yamma har teku, kuma shofer ba zai yi maka gudu ba don jandarmomi da na'urar kama gudu sun cika hanyar. Zuwa da dawowa awa shida sun tafi a mota. Abin da ya rage a yinin shi ne abin da ka biya kuɗi dominsa, kuma a nan ne bas ta haɗaka take cin mutum.

Ni na shiga irinta zuwana na farko, don haka ba labari aka ba ni ba. An ce mu fito ƙarfe takwas, muka fito, sai motar ta shiga zagaye otel-otel tana kwasar mutane, wasu Turawa biyu sai da aka tashe su daga barci muna zaune muna kallon ƙofa, ba mu bar gari ba sai tara da rabi. A hanya aka tsaya shan kofi, aka tsaya wajen awakin kan bishiya, aka tsaya wajen masu man argan, wani mai da ake fitarwa daga ƙwallon itacen argan, kusan awa guda don wata baiwar Allah ta rantse sai ta shinshina kowace kwalba, muka shiga Sawira rana ta take, shofer ya ɗaga yatsu uku ya ce awa uku, wanda bai dawo ba ya nemi hanyarsa. Na ci abinci a tsaye, na je masallaci na tarar an rufe, don can yawancin masallatai ana buɗe su ne dab da salla a rufe bayan an idar, ba kamar namu da za ka shiga ka miƙe ƙafa ko yaushe ba. Tekun da na zo gani minti ashirin na ba shi. Zuwa na biyu da iyali muka ɗauki mota tamu, muka tashi bakwai da rabi, kafin sha ɗaya muna kan ganuwa, muka yi azahar cikin jam'i, ba mu juyo ba sai bayan la'asar sakaliya.

Sai dai fa Alhaji mota ta kanka ma in ba ka ɗaure magana ba sai ta zama bas ta haɗaka mai tsada. Yaro ya rubuta musu a WhatsApp su amsa a rubuce, ba a baki ba. 1,500 ɗin na mota ne gaba ɗaya ko akwai wani abu a bayansa, mai da kuɗin fakin suna ciki, ƙarfe nawa za a ɗauke ku kuma ƙarfe nawa ne ƙarshen lokacin da za ku iya barin Sawira. Babbar tambayar kuma ita ce ɗan jagoran. Da yawa in sun ce "shofer da gid" mutum ɗaya suke nufi, wato shofer ne mai surutu. Tsohon birnin mota ba ta shiga, shofer zai ajiye ku bakin ƙofa ya tafi ya kwanta a mota. Ɗan jagora na gaskiya a Maroko ma'aikatar yawon buɗe ido ce take ba shi lasisi, yana rataye da katinsa a wuya, shi zai tarbe ku a ƙofa ya zaga da ku awa ɗaya da rabi ko biyu. A tambaya yana cikin kuɗin ko babu, kuma da wane yare zai yi magana, Faransanci ko Larabci. Larabcinsu na Darija fa ba irin wanda kake ji wajen Shuwa a kasuwa ba ne, suna haɗiye wasula kamar ana korarsu, gara Faransanci yaro ya riƙa juya wa Hajiya. Kafin alƙalami kaɗan za a bayar, ragowar sai an dawo da ku ƙofar masauki. Tukuici daban ne, wannan kai da zuciyarka.

Maganar tsaye-tsaye a hanya, ka sani shofer yana da kamasho a yawancin wuraren da zai tsaya da kai, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne kuma ni ban ɗauke shi laifi ba, ai mu ma a kasuwar Garwa wanda ya kawo maka baƙo da la'adarsa. Kai dai ka gaya masa tun a gida, wajen argan minti ashirin, sauran a wuce. Wajen argan ɗin ya cancanci a tsaya, musamman don Hajiya. Argan itaciya ce mai ƙaya da a kudu maso yammacin Maroko take da gida, ka ganta ka ce 'yar uwar aduwa ce, ƙwallonta ma haka yake da tauri, mata ne ke zama a ƙasa da dutse biyu suna fasawa ɗaya bayan ɗaya su fidda ƙwayar su niƙa, sai an tara 'ya'ya wajen kilo 30 kafin a samu lita ɗaya, shi ya sa tsadar. Man iri biyu ne, na ci wanda aka soya ƙwayar tukuna yana ƙamshi kamar gyaɗa, da na shafawa wanda ba a soya ba. Kar Hajiya ta sayi na ci ta ce za ta shafa a gashi. Akwai kuma amlu, man argan da zuma da almon a niƙe, kamar tunkuza mai zaƙi, a dangwala da burodi, wannan kam in ka ɗanɗana sai ka saya. Wanda aka ce maka lita guda a kuɗin banza, man girki ne aka yi wa ado.

Awakin kan bishiya kuwa, gaskiya ne awakin yankin suna hawa argan su ci 'ya'ya, amma waɗanda za ka gani jere a bakin titi kowace a reshenta kamar an shirya su ɗaukar hoton makaranta, ɗora su aka yi, wani lokaci har da katako a ƙarƙashin ƙafa, su yini a rana ana karɓar kuɗin hoto. Mu da akuya ke hawa katangar gidanmu kyauta, ban ga dalili ba.

Garin kansa ƙarami ne, a ƙafa ake gama shi. Sarkin Maroko Sidi Muhammadu ɗan Abdullahi ne ya sa aka gina shi wajen 1765, ya ɗauko wani injiniya Bafaranshe Théodore Cornut ya zana masa, shi ya sa titunansa a miƙe suke ba kamar lungunan Marakesh da mutum ke ɓata ba. Turawa Mogador suke kiransa a da, UNESCO ta sa tsohon birnin cikin kayan tarihin duniya a 2001. Ku fara da ganuwar da ke kallon teku, Skala, inda aka jera igwa na tagulla bakinsu na duban ruwa. Nan za ka kai Hajiya ta yi ganinta na farko, don daga sama ake kallo, raƙuman ruwa na zuwa suna dukan duwatsu suna watsa farin kumfa har fuskarka. Kuma Alhaji ka riƙe hularka. Da gaske nake. Ni ina tsaye ina nuna wa yara wani tsibiri da ke gaban garin, iska ta zo ta ɗauke min zanna bukar sabuwa fil da na saya a Marwa, na ga ta tashi ta yi juyi biyu a sama ta sauka can ƙasa tsakanin duwatsu, ruwa ya zo ya lulluɓe ta, ya janye, babu ita. Wani tsoho mai sassaƙa akwatunan itacen arar a ƙarƙashin ganuwar ya dube ni ya yi dariya ya ce teku ta karɓi zakka. Haka na yini da kai a buɗe kamar ɗan makaranta.

Daga nan ku gangara tashar masunta, jiragen katako shuɗɗa fal, tsuntsayen teku na ihu a kanku, kyanwoyi ƙatta-ƙatta na bin masu gyaran kifi. Akwai rumfunan da za ka nuna kifin da kake so a auna a gasa maka nan take, sadin ya fi araha kuma shi ne abincin garin. A yi ciniki kafin kifi ya hau wuta, a faɗi kuɗin duka har da burodi da salak, in ya riga ya gasu ba ka da bakin magana. Mutumin da ya saba da kifin Binuwai da na Lagdo zai ji na teku da ɗan bambanci, amma ba wanda na kai ya bar saura. Abinci halal ne, ƙasar Musulmi ce kuma Malikawa ne irinmu, a masallaci ba za ka ji baƙunta ba. Kuɗi kuma kar ka dogara da sefa, canza zuwa yuro tun a gida, yuro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, can sai ka mai da shi dirhami. Agogo kuma in kun sauka ka duba ka daidaita shi da nasu.

TAMBAYA, daga wani matashi a Njamena, asalinsa Mawo:

Yaya, ni abokaina ne suka ce in mun je Maroko mu yi wannan tafiya ta Sawira don wai akwai sahara da hawan raƙumi da babur mai ƙafa huɗu. Hotunan da na gani a Facebook tuddan manya ne jajaye. Haka yake?

AMSA:

Ƙanena, kai ɗan Kanem ne fa, garinku a kan rairayi yake zaune, kuma za ka hau jirgi ka tsallake Sahara gaba ɗayanta ta ƙarƙashinka don ka je a nuna maka yashi? Hotunan da ka gani ba na Sawira ba ne. Jajayen tuddan nan na Marzuga ne, can gabas kusa da iyakar Aljeriya, kilomita sama da 500 daga Marakesh, tafiyar awa tara zuwa goma sai an ƙetare duwatsun Atlas, ba a yin ta a yini, kwana uku ake ware mata. Duk wanda ya ce zai kai ka Sahara daga Marakesh ya dawo da kai ran nan, Agafai zai kai ka, wani fili mai tsakuwa da duwatsu a bayan gari, ba rairayi, an kafa tantuna ana sayar da shayi.

Tuddan Sawira na bakin teku ne, farare-farare, gajeru, iska ce take kwaso yashin gaɓa ta tara. Suna kudu da gari, ka bi bakin ruwa ka wuce inda kogin Ksob ke shiga teku wajen ƙauyen Diyabat, su ci gaba har wajen Kap Sim da Sidi Kawuki, kilomita kamar 25 daga gari. A da yashin nan har barazana yake wa garin da hanyarsa, zamanin Faransawa aka bi shi da dashen itatuwa don a ɗaure shi, shi ya sa za ka ga wuri da yawa kurmi ne a kan yashi. A Diyabat akwai kangon wani gidan sarki da rairayi ya cinye rabinsa, da wata tsohuwar hasumiya da ta ruguje a bakin ruwa, sai teku ta janye ake isa gare ta. Wanda ya san yadda rairayi ke binne katanga a arewacin Chadi ba zai yi mamaki ba, amma akwai abin da ba ka taɓa gani ba, wato ka hau tudu ka leƙa bayansa maimakon wani tudun sai ka ga ruwa har ƙarshen ido. Wannan shi ne abin zuwa. Raƙumin tudu ka bar wa Turawa, kai je ka kalli raƙuman ruwa.

Babur ɗin kam akwai daɗi ba zan hana ku ba, ana haya awa ɗaya ko biyu ko rabin yini da mai jagora a gaba kuna binsa a layi. Ba ya cikin kuɗin mota, daban ake biya, kuma in kun sa shi a yinin to ku san gari ba zai samu fiye da awa biyu ba, sai ku zaɓa. Ku duba babur ɗin ku ɗauki hotonsa kafin ku hau don kar a dawo a ce ku kuka fasa fitila, ku sa hular kwano ko da a gida kan kilando, babur ɗin haya, ba kwa sawa, kuma ka taho da kadamul ɗinka, wato rawaninka, a nan zai yi maka aiki fiye da kowane tabarau don iskar garin yashi take watsawa a fuska, musamman daga azahar zuwa yamma cikin watannin zafi. Wanka kuma a yi hankali. Ruwan Atlantika a wajen sanyi ne da shi ko a watan Agusta saboda wata igiyar ruwa mai sanyi da ke gangarowa daga arewa, sannan yana ja. Iya iyo a Shari ba shi ne iya teku ba, kogi gefe ɗaya yake jan ka ka san inda ya nufa, teku kuwa ta turo ka ta dawo ta janye ƙasar da kake tsaye a kai. Ku tsaya gaɓar cikin gari inda tsibiri ya kare ruwan kuma akwai mutane, Sidi Kawuki ta masu allon hawa ruwa ce.

TAMBAYA, daga wata Hajiya a Kusiri:

Malam ina yini. Na raka mahaifiyata Kasablanka aikin gwiwa, an yi lafiya alhamdulillah, likita ya ce mu zauna sati uku kafin mu koma. Zaman ɗaki ya ishe ta. An ba mu labarin Sawira, za mu iya zuwa a yini mu biyu mata da shofer?

AMSA:

Lafiya lau Hajiya, ya mai jiki, Allah ya ƙara sauƙi ya sa kaffara ne. Gaskiya daga Kasablanka ban ba ki shawara ba. Ba Marakesh ba ce, nisan ya haura kilomita 350, awa huɗu da rabi zuwa biyar kowane zuwa, ki naɗe gwiwar da aka yi wa aiki awa goma a mota don yawon awa uku, ba riba. Kuma ku fara tambayar likitan da ya yi aikin ko ya yarda da doguwar tafiya a mota, shi ya san abin da ya ɗinka. In teku Inna take son gani ai Kasablanka kanta a bakin teku take, Masallacin Hassan na Biyu ma wani sashensa a kan ruwa aka gina shi, ku je la'asar ku zauna a farfajiya iska ta buge ta. In kuma fita gari take so, ga Jadida, kilomita wajen 100 kudu, awa ɗaya da rabi, tana da tsohon birnin da Turawan Fotugal suka gina da ganuwa a bakin ruwa, ku je da hantsi ku ci kifi ku dawo kafin magariba.

Irin wannan tafiya ce mota ta kanki ta fi amfani, don Inna za ta ce a tsaya a tsaya, ta ce a juya a juya, ba wanda zai yi mata tsaki. Ki nemi babbar mota mai ƙofar ja wadda za ta miƙe ƙafa, amma ki duba tsayin matakin shiga, wasu sai an ɗaga ƙafa sosai. Shofer kuma kar ki ɗauko na bakin titi da ya miƙo miki kati, ki sa masaukinku ko ofishin asibitin da ke kula da baƙi su haɗa ki da kamfani mai rajista, ki ɗauki hoton lambar motar ki tura wa maigida da wani naku da ke garin, ku zauna baya ku biyu. In akwai ɗalibi ɗan gida a Kasablanka, kuma da wuya a rasa ɗan Chadi ko ɗan Kamaru a can, ki ɗauke shi ya raka ku ki biya masa abinci, ya yi muku tafinta hankalin kowa ya kwanta. Ki riƙe wa Inna mayafi mai kauri ko rigar sanyi, bakin tekun nan ko Marakesh na ƙuna da zafin da ya haura 40 shi yana ashirin da 'yan kai, jikin da ya saba da Kusiri zai ji shi kamar hunturu.

TAMBAYA, daga wani malamin makaranta a Marwa:

Na ji an ce a garin nan akwai jikokin Hausawa masu kiɗa. Gaskiya ne ko zancen 'yan jagora ne?

AMSA:

Malam akwai ƙamshin gaskiya mai ƙarfi, sai dai kar ka je da niyyar za ka yi sallama a amsa maka da Hausa. Sawira ita ce tashar da ayarin Tumbutu ke sauke kaya a ƙarni na 18 da na 19, gashin jimina, hauren giwa, zinariya, da ƙaro irin wanda Chadi ke fitarwa har gobe, daga nan a loda wa jiragen Turai. Hanyoyin Sahara kuma ba kaya kaɗai suka ɗauka ba, sun ɗauki bayi, Bambara da Hausawa da Fulani da mutanen Songai da na Barno. Daga zuriyarsu ne aka samu Gnawa, masu kiɗan da kake tambaya. Yau Larabci suke yi, 'yan Maroko ne, amma a cikin waƙoƙinsu suna ambaton ƙabilun kakanninsu har da Hausa, kuma suna jingina kansu ga Sayyidina Bilal, zawiyarsu a cikin birnin ma sunansa take ɗauke da shi.

Kayan kiɗan ne za su tsayar da kai. Gimbri, mai tsirkiya uku da fatar raƙumi, ka ganta ka tuna garaya da molo, sannan ƙarafunan da suke kaɗawa a hannu, karkaba, wallahi sambani ne ba ragi. Zaman da suke yi na dare da turare da tufafi launi-launi ana kiran iskoki ɗaya bayan ɗaya har wani ya faɗi, duk wanda ya taso a ƙasar Hausa ya san ɗan uwan me ne, ba sai na faɗa ba, kuma kowa ya san matsayinsa a kai. Wannan ba a yi wa baƙon yini ɗaya. Abin da za ka gani shi ne masu kiɗa a dandali da hula mai wuri da tuntu suna juya kai, da shagunan masu ƙera gimbri. Tun 1998 ake yi musu babban biki kusan duk shekara a garin, galibi cikin Yuni, UNESCO ma ta karɓi kiɗan a 2019, kuma babban makaɗinsu Mahmud Giniya da ya rasu a 2015 ɗan garin ne. In tafiyarka ta faɗo kwanakin bikin ka san gari zai cika maƙil. Ga inda ɗan jagora na kanka yake biyan kuɗinsa, ka ce masa daga ina ka fito kuma ga abin da kake nema, ya bar maganar fina-finan da aka ɗauka a kan ganuwa ya kai ka shagon mai gimbri ku zauna.

TAMBAYA, daga wata ɗaliba 'yar Garwa da ke karatu a Bordo, Faransa:

Kawu, Baba zai zo ganina, an ce in kai shi Arkashon da tudun Pila, wani kamfani na neman kuɗi mai yawa don mota da jagora. In biya?

AMSA:

'Yata riƙe kuɗinki. Ku biyu ne, kina jin yaren, kuma jirgin ƙasa na tashi daga tashar Saint-Jean ya kai ku Arkashon cikin kamar minti 50, daga nan akwai bas zuwa tudun. Shi wannan tudu ne na gaske, ya haura mita 100, ya fi kowane tudun rairayi tsawo a Turai, tsawonsa a kwance kusan kilomita uku, gefe ɗaya teku gefe ɗaya daji, kuma duk shekara yana matsawa cikin dajin da 'yan mitoci yana binne itatuwa. Za ku ga tabon gobarar Yulin 2022 da ta ci dajin wajen. Hawa kyauta ne, masu mota ne ke biyan fakin. Daga wajen Afrilu zuwa farkon Nuwamba suna kafa matakala mai taki ɗari da hamsin da wani abu, in Baba zai zo cikin sanyi babu ita sai dai a taka yashi, ki auna ƙarfinsa tukuna. Abincin garin kawa ce ɗanya da ake shanyewa daga ɓawonta, na san Baba ba zai kalle ta sau biyu ba, ki nema masa gasasshen kifi ko ki yi guzuri daga gida, ki sa dadduma a jaka, kuma ki duba lokacin bas ta ƙarshe daga tudun kafin ku hau.